Wa Ya Ci Kwano na Biyu

Jama'ar da ke bin labarina, na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ajiye littattafan kisan kai in koyi dambun nama, wai shi ke riƙe miji. Na gode 'yar'uwa, na iya dambu tun ina aji uku. Mijin ne har yanzu ba a ba ni ba balle in riƙe, kuma maganar da na zo da ita yau ke nan.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Juwairiya. A Lamorde muke, nan cikin Mubi, daga ni sai mahaifiyata, Dada Hansai, tun rasuwar Baba. Yayan Baba, Bappa Yaji, shi ne waliyyina. Mai nemana kuwa sunansa Mubashshir, malamin dabbobi ne a kasuwar shanu. Dogo ne, baƙi, ba ya magana sai ta kama dole, kuma ko turaren duniya ya fesa sai kin ji ɗan warin maganin kaska a hannun rigarsa. Ni dai warin nan bai taɓa damuna ba. Bayan ƙaramar Sallah manyansa suka kawo gaisuwa, goro da alawa da turamen atamfa. Bappa ya karɓa, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike kamar yadda aka saba.

A gidan Malama Dibora muka haɗu. Ita ta koya mini Turanci a sakandare. 'Yar Michika ce, Kirista, ta yi ritaya tana zaune a unguwar Lokuwa, katanga ɗaya da gidan su Mubashshir, shi ke duba mata awakinta. 'Yarta Vanessa tana aiki a Legas, ita ke cika kwali da littattafai ta ba direba ya kawo. A kwalin nan na fara cin karo da littattafan mutanen Japan da aka mayar Turanci, kuma tun daga ranar ko tuwo na ɗora sai ya kama. Iri biyu ne. Akwai na kisa, inda ɗan sanda mai sanyin hali zai zauna ya sha shayi da wanda yake zargi, ba tsawa ba mari, har mutum ya gaji da ƙaryarsa da kansa. Akwai kuma na garuruwan da hukuma ta shaƙe wa wuya, inda ake wayar gari a tarar an sauya doka, kowa ya sunkuyar da kai ya tafi aiki kamar ba a yi komai ba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne ƙananan bayanan da mai fassara ke jerawa a ƙasan shafi. Sai ya ɓata layi uku yana fahimtar da Bature cewa a Japan ana cire takalmi kafin a shiga ɗaki, ana rusuna wa babba, ba a ce wa baƙo a'a kai tsaye. Ni tsallakewa nake yi, don a gidanmu ma haka ne. Da la'asar muna ɓarar gyaɗa sai in mayar wa Dada labarin da Hausa, ita kuma idan abin ya kai mata wuya ta zagi mai laifin da Fulatanci. Labari ya taso daga Japananci, ya bi ta Turanci, ya sauka a tabarmarmu, amma ko sau ɗaya Dada ba ta ce ba ta gane mutanen ba. Na kisan take so. Na garuruwan nan sau ɗaya na fara mata, wani inda hukuma ke sauya wa kowa maƙwabci duk shekara don kada wani ya saba da wani. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu.

"Bar wannan," ta ce. "Mun riga mun gani."

'Yan Mubi sun san abin da take nufi. Shekarar gudu, 2014, lokacin da 'yan bindiga suka ci garin har suka sauya masa suna. Ina da shekara sha uku muka fita da ƙafa, silifas ɗina ya tsinke tun kafin mu bar bayan gari, da ƙyallen zanin Dada a ƙafata na isa Belel. Ɗan Bappa na fari, Ridwan, ya juya don ya kwance shanun da suka bari a ɗaure, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Saboda haka a binciken Bappa, bayan asali da sana'a da sallah, akwai wata tambaya da yake yi ƙasa-ƙasa: wannan yaron, ya gudu ko ya zauna?

Ranar Alhamis bayan la'asar ya yi sallama. Ina sanye da doguwar rigar atamfa ruwan ganye duk ɓawon gyaɗa, ɗankwalina a karkace, na yi wuf na ja mayafi na shimfiɗa masa darduma a gindin darbejiya. Farar jamfa ce a jikinsa, guga kamar ta yanke hannu. Na kawo ruwa, ya ce useko, godiya ke nan da Fulatanci, amma bai sha ba. A nan na san ba da alheri ya zo ba.

"Ɓingel am," ya ce. Haka yake kirana, 'yata, idan maganar mai nauyi ce. "Yaron nan ba shi da abin kushewa a sana'a. Ba ya shaye-shaye, sahun gaba yake sallah. Amma bai gudu ba."

Dada ta ajiye farantin gyaɗa a hankali.

"Iyayensa sun fita, ƙannensa sun fita, shi ya zauna, yana da shekara sha shida. Bakari mai shayi, wanda tsufa ya hana shi fita, ya gan shi da idonsa. Wando a ɗage, yana bin sahun 'yan bindigar a masallaci, yana ɗebo musu ruwa. Idan sun raba abinci kwano biyu yake miƙawa, ya ce ɗaya na kakarsa Fatimatu ce da ba ta iya tashi." Ya dube ni. "Na bi dangin uwa, na bi na uba. Kakanninsa mata sun rasu tun ba a yaye shi ba, kuma babu Fatimatu a cikinsu."

"Bappa, yaro ne fa lokacin."

"Ridwan ma yaro ne."

Can ya ci gaba, muryarsa ta sauka. Ya ce ya kira Mubashshir ya zaunar da shi, ya ce masa faɗa mini gaskiya ko mai ɗaci ce. Shi kuwa ya amsa cewa duk abin da Bakari ya faɗa haka aka yi, ba shi da ƙari.

"Jibi Asabar da hantsi zan mayar musu da kayansu. In akwai wanda ya san abin da ban sani ba, kunnena a buɗe yake har lokacin."

Wallahi ban ji haushin Bappa ba. Mutumin da har yau idan an yanka ragon layya yake cire kason Ridwan ya bayar sadaka da hannunsa, ta ina zan fara jin haushinsa? Yana fita na shige ɗaki na ciro waya daga caji, na rubuta wa Mubashshir.

*Me ya hana ka gudu?*

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

*Ban iya ba.*

*Wace ce Fatimatu?*

*Ki yi haƙuri Juwai.*

*Haƙuri ba amsa ba ce. Asabar za a mayar da kaya.*

*Na sani. Ban taɓa kowa ba, ban nuna gidan kowa ba, wannan na rantse miki da Allah. Sauran maganar ba tawa ba ce da zan bayar.*

Na jefa wayar kan katifa na yi kukana. Kuma tunda na yi muku alkawarin gaskiya, ba kukan so kaɗai ba ne, har da tsoro. Na karanta littattafan nan da yawa, na san sau nawa mutumin da ya fi kowa shiru da ladabi, mai gaisar da maƙwabta yana shayar da furanni, shi ake samu a ƙarshe. Na tuna hannunsa yadda yake danne wuyan bijimi ya soka allura ko gezau.

Da safiyar Juma'a na ɗauko littafin da ke hannuna don in mayar wa Malama, ina buɗe shafuka ba don karatu ba. Sai idona ya faɗa kan wani wuri da na ba Dada labarinsa makon jiya. Wani mutum ya rantse shi kaɗai yake zaune a gidansa. Sauran 'yan sanda suka kama shi da ƙarya suka yi ta murna, sun samu mai laifi. Shi kuwa tsohon cikinsu ya tsaya a madafa yana kallon kofuna biyu da aka wanke aka kife, ya ce shi ƙaryar ba ta dame shi ba, wanda ya sha shayi a kofi na biyu yake nema. Na zauna a bakin gado. Bappa ya kama ƙarya ya tsaya a nan. Amma abinci dai an karɓa, kuma yaro ɗaya ba ya jefa kansa cikin haɗari kullum don ya ƙara loma. Wa ya ci kwano na biyu?

Na saka abaya baƙa da gyale ruwan toka na tari keke Napep zuwa Lokuwa. Ba Malama nake zargi ba, ku fahimce ni. Cewa na yi maƙwabciya ce, ko ta san wata tsohuwa a layin.

Na same ta a baranda tana guga da dutsen gawayi, ƙafarta mai ciwon gwiwa a miƙe kan kujera 'yar tsugune. Tun muna makaranta da sanda take shiga aji. Zanin zumuntar mata na cocinsu take gogewa, da farar riga da ɗankwalinsa. Ta ƙofar falo ana hango hoton mijinta, Baba Zacharia, an zagaye shi da furen roba. Duk Lokuwa an san labarinsa: a ƙofar gidan nan 'yan bindigar suka tsare shi suka ce ya bar addininsa, ya ƙi, suka harbe shi.

"Yarinya na, ka gama?" Hausar Malama ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. "Wannan ya fi wancan mai labarin garin da aka shaƙe, ko? Na gari ɗin, mai rubutu ya iya tsoro, amma bai san yunwa ba. Kuma bai san mutum yana sabawa ba. Wannan ne ya fi muni."

"Malama, ku ta ina kuka bi lokacin gudu?"

"Ta Vimtim. Muka hau dutse." Ta faɗa da sauri kamar karatun da aka haddace, ta hura gawayi.

Na dubi gwiwar. Ni da ƙafafuna biyu masu lafiya na san abin da hanyar gudu ta yi mini. Na ce a raina ko goya ta aka yi.

Aka kira sallah. Malama tana da buta da darduma da take ajiye wa baƙinta Musulmi, na ɗauka na tsuguna a bakin rariya. Hankalina ba ya jikina, na shafi kai na zarce ƙafa.

"Ka manta kunne," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai, kunne, sannan ƙafa. Kuma dama kafin hagu, in ba haka ba za su..."

Dutsen gugar ya tsaya a hannunta. Kiristocin Mubi da yawa sun san yadda muke alwala, tare muka tashi, ba wannan ne ya ba ni mamaki ba. Wannan "za su" ɗin ne da ta haɗiye. Na shafi kunnena na ƙarasa, na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba.

Ina sallamewa na ji muryarsa a ƙofa, ya dawo daga masallaci da farar shadda da jakar allurarsa. "Kaka, ina akuyar da ba ta cin abinci?"

Kaka. Sau nawa na ji yana kiranta haka, ina ɗauka ladabi ne kawai? Ya gan ni, ya ga fuskata, murmushinsa ya ɗauke. Na bi shi bayan gida wurin garken awaki, gindin tagar madafa.

"Ita ce," na ce.

"Ki rage murya."

"Ita ce Fatimatu."

Ya kama akuyar ya tsuguna, ya daɗe yana duba bakinta kafin ya yi magana, kuma akuyar yake kallo ba ni ba.

"Ina kan katanga lokacin da suka harbe Baba Zacharia. Na dawo ɗaukar maganin Babanmu ne, in bi su a baya. Ita tana madafa, ta kasa tashi. Na ja ta ta inda katangar ta rushe, na saka mata hijabin Innarmu. Gida-gida suke bi, har tsofaffi suna sa su yi alwala a gabansu. Na koya mata, na koya mata Fatiha. Sun zo sau da yawa." Ya shafa wuyan akuyar. "Ta yi sallah a gabansu, Juwai. Ta faɗi abin da mijinta ya ƙi faɗa, jininsa bai bushe a ƙofa ba."

"Ita ta ce ka ɓoye?"

"Ba ta taɓa cewa ba. Ba mu taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Amma jibi Lahadi za a yi addu'ar tunawa da shi a cocinsu, kamar kowace shekara. Idan ta shiga, mata tashi suke yi tsaye don girmama ta. Vanessa ma ba ta sani ba. Girman nan shi ne abin da ya rage mata."

"Bappa kaɗai zan gaya wa."

"Shi kuma ya ce wa Bakari me? Ya ce wa 'yan majalisarsa me, da suka san ya ƙi ni? A Mubi muke. Kafin Lahadi ta kai coci."

"To ni fa?"

Ya ajiye allurar da hannun nan da jiya nake tsoro. Ya ce, "Ke nake so, Allah ya sani, ban taɓa son wata ba. Amma ba zan biya sadakinki da tsohuwar nan ba."

Na so in mare shi, na kuma so in durƙusa a gabansa, duk a lokaci ɗaya. Ban yi ko ɗaya ba, na juya. A baranda na tarar da warin ƙuna. Malama na tsaye da sandarta tana dawowa daga cikin gida, dutsen guga kuwa a kife kan farin ɗankwalin, ya fitar da baƙin tambari.

"Wuta ya yi yawa," ta ce. Ta miƙo mini sabon littafi daga kwali ba tare da ta dube ni ba. "Ka gaishe da Dada."

Asabar da hantsi Bappa ya zo. Na yi wanka na saka leshi ruwan hoda wanda na ɗinka don ranar sa rana, don na ce ko ba komai sai na saka shi sau ɗaya. Dada ta fito da kayan gaisuwar ta jera a tsakar gida, alawar ko kwalinta ba a buɗe ba. Bappa ya zauna a gindin darbejiya ya kira ni.

"Na ji jiya kin je Lokuwa. Kin san wani abu da ban sani ba?"

A littattafan nan akwai babin da mai bincike ke tara kowa a falo ya warware komai, tun daga kofi har wuƙa, kowa ya numfasa. Dada ta fi son wurin, har tafi take yi. Ga ni a babin, ga amsa a bakina cikakkiya, jimla biyu kawai ta isa. Bappa mutum ne mai adalci, na san zai tashi da kansa ya je ya riƙe hannun Mubashshir. Sai hoton nan mai furen roba ya tsaya mini a ido, da mata suna tashi tsaye.

"Babu, Bappa."

Dada ta zuba mini ido. Ita ta haife ni, ta san ƙarya na yi, amma ba ta tona ni ba. Bappa ya sunkuyar da kai, na ga shi ma ba haka ya so ba.

"To Allah ya zaɓa miki mafi alheri. Ɗauko kayan, na kira mai keke."

Ni na ɗauki turamen atamfar da hannuna, hawaye na ɗiga a kan ledarsu. Muna isa zaure keke na tsayawa a ƙofa. Bappa ya ɗaga hannu ya ce wa direban ya matso, sai ya ga akwai mutane a ciki. Mata biyu suka fara sauka, zani iri ɗaya, farar riga iri ɗaya, na zumuntar mata. Suka juya suka kama ta uku a kafaɗa, sanda ta fara taɓa ƙasa kafin ƙafa. Farin ɗankwalin da ke kanta da baƙin tambarin dutsen guga a gefe.

Matan biyu suna ta kallon-kallo, da gani ba su san abin da ya kawo su ba. Malama ta ɗingiso har bakin zaure, baƙar leda a hammatarta. Ta yi sallama cikakkiya, Bappa ya amsa yana mamaki. Ta zaro abin da ke cikin ledar, wani tsohon hijabi ruwan ƙasa da ya koɗe, a ninke tsaf, ta ɗora shi a kan atamfar da ke hannuna.

"Ka mayar da kaya ciki, yarinya na, ka kawo mini kujera, ƙafa na ba ya tsayuwa." Ta waiwaya ta ce wa matan su matso kusa su ji da kyau. Sannan ta dubi Bappa.

"Alhaji, an ce kana neman Fatimatu. Ni ne."